Yaron Shago Ma Jari Ne: Ɗauka, Horarwa Da Yayewa A Ƙasar Fazzan

Duk ɗan kasuwar da ka tare a Sabha ka tambaye shi abin da ke damunsa, abu uku zai lissafa maka: canjin dinar, shingayen hanya, da ƙarancin tsabar kuɗi a bankuna. Gaskiya ne, duka suna nan. Amma in hira ta yi nisa, shayi ya kai zagaye na biyu, sai ta huɗun ta fito: "Wallahi ba ni da wanda zan bar wa shago." Akwai magidanta a nan da suka shekara biyar, shida, ba su leƙa gida ba. Kuɗin mota suna da shi. Abin da ya hana su tafiya shi ne tsoron abin da za su dawo su tarar.

Ni mutumin Maraɗi ne, na haura shekara hamsin, kuma kusan rabin rayuwata a ƙasar nan na yi ta. Ina zaune a Tamanhint, kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da Sabha, garin gonaki da sansanin jiragen sama. Ina sayar da kayan masarufi, ina kuma sarin albasa, tumatir da dabino daga manoma. Yara da dama sun bi ta hannuna. A kansu nake so mu tattauna yau, domin na lura mun iya zaɓen kaya, mun iya ciniki, amma zaɓen mutum da renonsa mun bar wa sa'a.

Abin da kamfanoni ke biyan albashi a kansa

A manyan kamfanoni akwai ofis guda wanda ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa mutane ne kawai. Shi ke tantance wanda za a ɗauka, ya rubuta masa sharuɗɗa, ya tsara horonsa, ya auna ƙwazonsa, ya sasanta shi da na gaba da shi in an saɓa, ya kuma shirya wanda zai gaji kujerar shugaba tun shugaban na raye. Sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta a jami'a. A Najeriya akwai cibiyar ƙwararrun wannan fanni, CIPM, wadda aka kafa tun 1968.

Wani zai ce, "Malam, ni da nake da rumfa ɗaya da yara biyu, ina ruwana da wannan?" Ruwanka kuwa ya fi na kamfani. Kamfani mai ma'aikata dubu in ɗaya ya ci amana, asarar ba ta girgiza shi. Kai mai yara biyu in ɗaya ya gudu da cinikin wata, rabin ƙarfinka ke nan ya tafi.

Mun gaji ilimin nan, sai dai mun sake shi

Kakanninmu fatake ba su taɓa fita ayari kara zube ba. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya a kan fito da kuɗin ƙasa. Akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. Kowa ya san matsayinsa, kuma ba wanda ya kwana ya tashi madugu. Sai ka yi shekaru kana ɗaure kaya, kana koyon rijiyoyi da halayen mutanen kowane gari.

Ƙasar nan da muke zaune ma a kan wannan tsarin ta ci kasuwa da ƙasarmu. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Murzuk a 1850, ya isa Kano a 1851, ya kuma ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa Murzuk, Gat har Tarabulus. Larabawan Gadamas sun zauna cikin birnin Kano, sunan unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki na tuna mana da zamansu. Attajiri yana Gadamas, dukiyarsa tana Kano a hannun wakili, wasiƙa tana wata da watanni a hanya. Babu waya, babu banki. Abin da ya riƙe harkar shi ne sanin wanda aka aika, da rubuta abin da aka ba shi.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da fataucin goro zuwa Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, abin da ya fifita shi a kan tsararrakinsa shi ne yawan amintattun mutanen da yake iya ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo masa. Da yawa cikinsu sun zama masu kansu. Gidan bai mutu da mutuwarsa ba: Aliko Ɗangote ta wajen uwa jinin gidan ne, kuma da jarin dangin mahaifiyarsa ya fara kasuwanci a 1977.

Haka a Sabon Ibadan. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikin Hausawan unguwar a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Ya nuna yadda masu gida ke tafiyar da cinikin shanu da goro a kan bashi ta hannun dillalai da yaran da suka rena, suka aurar, suka tsaya musu. Mutuncin maigida shi ne jinginar da ake karɓa, yaransa kuma su ne hannayensa.

Abin da ya sa namu ya fi wuya

Zamanmu a Libiya yana da nasa sarƙaƙiyar. Na farko, lasisin ciniki na 'yan ƙasa ne, don haka yawancinmu a ƙarƙashin sunan wani Balarabe muke aiki. Na biyu, dokar ƙwadago ta ƙasar, mai lamba 12 ta 2010, tana buƙatar baƙo ya sami izinin aiki, amma galibin yaranmu ta Agadas, Dirku, Madama da Gatrun suka shigo, ba biza ba takarda. Nijar da Libiya sun sa hannu a kan wata yarjejeniyar ƙwadago a Nuwamba 2021, sai dai yaron da ke ɗaukar buhu a kasuwar Sabha bai ga canji a aljihunsa ba. Ma'ana, in maigida ya danne haƙƙin yaro, da wuya yaron ya sami ofishin da zai kai kuka. In yaro ya gudu da kuɗi, maigida ma ba ya son zuwa gaban hukuma.

Na uku, da yawa cikin masu zuwa, Sabha zango ce a wurinsu, idonsu na Tarabulus ko Misrata. Ka horar da yaro wata takwas, ranar da ya tara kuɗin mota sai ka nemi ƙasa ko sama ka rasa. Wannan ya sa wasu iyayen gida suka yanke shawarar ba za su ƙara koya wa kowa komai ba. Su ne yanzu ke kwana cikin shago da zazzaɓi, saboda ba mai riƙe mabuɗi.

Tun da kotu ba ta kusa da mu, sai mu gyara tsarinmu na cikin gida.

Ɗauka: kada ka ɗauki yaro don tausayi kawai

Tausayi na sa ka ciyar da baƙo, ka ba shi wurin kwana, kuma wajibi ne a kanmu. Amma ba shi ke sa ka miƙa masa akwatin kuɗi ba. Kafin in ɗauki yaro aiki, abu huɗu nake yi.

Ina neman wanda zai tsaya masa, dattijo ɗaya a nan, da lambar mahaifinsa ko yayansa a gida, in yi magana da su da bakina. Yaron da ya san an san ƙofar gidansu yana tunani sau biyu.

Ina tambayarsa kai tsaye: "Kai, zama ka zo yi ko wucewa?" In ya ce wucewa, ba laifi, sai in ba shi aikin yini, in biya shi da yamma. Wanda ya ce zama, shi nake sa wa ido.

Ina gwada shi wata guda da ƙananan abubuwa. In aike shi da dinar 50 sayen abin dinar 43, in ga ko canji zai dawo ba tare da na tambaya ba. In duba yadda yake yi wa tsohuwar da ta zo sayen sabulu ɗaya magana. Hausawa suka ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta.

Sannan ba na ɗaukar ƙaramin yaro wanda ya kamata a ce yana makaranta. Iyaye a gida, ku ji tsoron Allah, ku daina turo mana 'yan shekara goma sha uku ta cikin Tenere.

Ɗan'uwa fa? Shi ma a bi da shi ta wannan ƙofar. Mafi yawan rigimar da ake kira na sasantawa tsakanin kawu da ɗan ƙanwarsa ce, ko wa da ƙane, domin an ji kunyar yin magana tun farko.

A rubuta, ko da a bayan kwali ne

Kalmar da ta fi kashe zumunci a kasuwarmu ita ce "zan sallame ka." Yaushe? Da nawa? Ba wanda ya faɗa. Na zauna a wani sulhu a Sabha inda saurayi ya yi wa wani maigida aiki shekara huɗu a kan wannan alkawarin. Yaron yana lissafin za a buɗe masa shago, maigidan yana lissafin ci da sha da sutura sun biya. Kowa ya rantse, kuma ina ganin kowa a zuciyarsa gaskiya yake faɗa. Da akwai takarda rabin shafi, da ba a kai ga zubar da hawaye ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu 'yan kasuwa aka fi nufa da ita.

Takardar ta ƙunshi abu biyar: aikin da zai yi, abin da za a biya shi da ranar biya, wa ke ɗaukar ci da kwana da magani, tsawon wa'adi, da abin da zai samu ranar yaye. Shaidu biyu su sa hannu. A ɗauki hotonta a waya, a tura wa iyayensa ta WhatsApp. Da boko, da ajami, da Larabci, duk wanda aka iya.

A kula da maganar ajiyar albashi a hannun maigida. A Janairun 2021 babban bankin Libiya ya mayar da dala ɗaya dinar 4.48, bayan ta daɗe a wajen 1.4 a farashin gwamnati. A Afrilun 2025 aka sake karya darajar dinar da kashi 13.3 cikin ɗari, dala ta haura dinar biyar da rabi. Yaron da aka riƙe masa kuɗin shekara uku a dinar, lambar na nan yadda take, amma buhun geron da za ta saya a gida ya ragu. Shawarata, duk wata uku a aika masa da haƙƙinsa gida a saya masa tunkiya ko a tara na fili, ko kuma tun farko a yanka albashin da sefa, tun da ita a ɗaure take da yuro.

Albashi ko rabon riba

Idan yaro ya kai matsayin juya kuɗi shi kaɗai, akwai tsarin da malamanmu na Malikiyya suka karantar, wato ƙiradi. Kai ka kawo uwar kuɗi, shi ya kawo ƙarfinsa da basirarsa, ku raba riba a kan kason da kuka amince, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku. Misali, ka ba shi dinar 20,000 ya yi sarin albasa. Bayan wata shida, an cire kuɗin mota da na leburori, kuɗi sun zama 26,000. Riba 6,000 ke nan, in rabi ne kowa ya ɗauki 3,000. Idan kuwa kasuwa ta faɗi suka koma 18,000 ba tare da sakacinsa ba, asarar 2,000 taka ce, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Ba a yanka wa mai kuɗi wani adadi tsayayye, kuma ba a ɗora wa yaro lamunin uwar kuɗi sai in ya yi ganganci ko ya saɓa sharaɗi. Kafin ku ƙulla, ku zauna da malami ya duba muku.

Na ga bambanci da idona. Yaron albashi yana jiran la'asar ta yi. Yaron da ke da kaso a riba shi ke tashinka da asuba ya ce an sauke sabon tumatir.

Tsani mai hawa huɗu

Horo ba ya yiwuwa da "zauna ka gani" kawai. Ni haka nake kasa shi.

Hawan farko, wata shida: shara, jera kaya, sanin sunan kowane abu da farashinsa, da Larabcin kasuwa. Wanda bai iya ƙirga da gaisuwa da harshen mutanen gari ba, kullum a bayan kanta zai tsaya.

Hawa na biyu: ciniki da littafi. Ya rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda ake bi bashi. Kowane dare mu rufe lissafi tare, minti goma sha biyar. Wannan zaman shi ne makarantar gaskiya.

Hawa na uku: saro kaya. In tafi da shi wajen manyan dillalai, in gabatar da shi da sunansa, in ce, "Wannan ɗana ne, in ya zo ni ne na zo." Iyayen gida da yawa a nan suke maƙalewa, suna ɓoye wa yaro inda suke saro kaya da farashin sari, don kada ya zama kishiya. Ai wanda bai san farashin sari ba, ba zai taɓa riƙe maka shago ba.

Hawa na huɗu: in bar masa shago kwana uku ina cikin gari, sannan mako guda, sannan wata. In na dawo mu duba littafi. Kuskuren da bai kai ya karya jari ba, a bar shi ya yi, da shi zai koya.

Gyara kuma a yi shi a keɓe. Kada ka zagi yaro gaban mai saye, kada ka ambaci iyayensa. Yabo a bainar jama'a, faɗa a bayan shago. Idan ta kai ga rabuwa, a kira shaidun nan biyu, a biya shi haƙƙinsa cif, ya tafi ba tare da an tozarta shi ba. Sauran yaran suna kallo, kuma daga yadda ka sallami ɗaya suke gane makomarsu.

Uwargida da 'ya'ya mata

Tun da mujallar nan ta iyali ce, bari in faɗi wannan. A gidaje da yawa na Hausawan Sabha, uwargida ce ke riƙe da sana'ar da ta fi shagon maigida tsayuwa: abincin sayarwa, turare, ɗinki, adashe. Tana da 'yan aikinta, kuma duk abin da na faɗa a sama ya shafe ta. Ban da haka, ya kamata ta san littafin shagon mijinta: wa ake bi, wa ke bi, da sunan wa aka yi lasisi. Mun ga magidancin da ya rasu kwatsam, ko aka kama shi a shingen hanya, iyali suka rasa ko da sunan mutum ɗaya cikin masu riƙe da kuɗinsa. A gidana 'yata ce ke shigar da lissafin mako cikin waya, kuma ta fi ni saurin gano inda aka yi tsallake.

Yaye

Inyamurai sun yi suna a wannan. Yaro ya yi wa ubangidansa hidima shekaru da aka ƙayyade, ranar da wa'adi ya cika a tara dangi, a ba shi jari a gaban kowa. Da haka kasuwannin Onica da Aba suka cika da masu kansu. Mu ma muna da yaye, sai dai namu ba shi da rana, shi ya sa yake zama rigima.

Ka sa rana, ka cika. Jarin ba sai ya yi yawa ba: kaya na wata guda, gabatarwa wajen dillalai, da lamuninka na shekarar farko. Mai tsoron kishiya ya duba lissafi da kyau. Cikin waɗanda na yaye akwai wanda ya koma Agadas, shi ke karɓar mini kaya a can, akwai wanda ke Gatrun. Da ina da shago ɗaya, yanzu ina da ƙofa uku da zan ƙwanƙwasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'ya'yanmu masu karatu

Yaran da aka haifa a nan suna da abin da mu ba mu samu ba: Larabci kamar 'yan gari, Hausa a gida, wasu har da Faransanci ko Turanci. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna neman wanda zai iya tsayawa tsakanin shugabanni da ma'aikata masu harsuna daban-daban. Wanda ke da sha'awa ya karanci harkar gudanarwa ko kula da ma'aikata. Jami'ar Bayero ta Kano tana da makarantar koyon kasuwanci mai sunan Ɗangote. Gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015, tana horar da matasa masu sana'a daga duk ƙasashen Afirka tare da ba waɗanda aka zaɓa jarin dala 5,000. Ana buɗe neman shiga a farkon shekara ta intanet, kuma ana iya cikewa da Larabci ko Faransanci. Abin da ake tambaya a can shi ne tsarin sana'a da lissafinta, wato dai littafin nan da nake cewa a rufe kowane dare.

Ɗan'uwa ɗan kasuwa, a wannan makon ka kira yaronka bayan sallar isha'i, ka tambaye shi abin da yake tsammani daga gare ka da kuma yaushe. Ka faɗa masa abin da za ka iya. Abin da kuka daidaita a kai, ku kira mutum biyu ku rubuta. Kai kuma saurayi, ka riƙe amana ko da canjin dinar ɗaya ne, domin a kasuwar baƙi sunanka ya riga ka isa duk inda za ka. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.